Fanshon CNSS: Sharuɗɗan da Ma'aikaci Zai Cika Kafin Ya Kai Shekara 60

Ma'aikata da yawa a Yamai, musamman na kamfanoni, makarantu masu zaman kansu, otal-otal da ƙungiyoyin agaji, suna ɗauka cewa duk wanda Allah ya kai shekara 60 fansho na nan yana jiran sa. Doka ba haka ta ce ba. Tsarin fanshon tsufa da aka kafa a 1967, wanda CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasar Nijar, ke gudanarwa, ya shafi masu aikin albashi da ke ƙarƙashin dokar ƙwadago, kuma cika shekara 60 sharaɗi ɗaya ne kawai daga cikin huɗu. Ma'aikatan gwamnati na dindindin ba su cikin wannan bayani, domin nasu fanshon yana hannun wani asusu dabam mai suna CARENI.

Bayan shekarun haihuwa, wajibi ne mutum ya kasance an yi masa rajista a CNSS aƙalla shekara 20 kafin ranar da yake neman fansho, a kuma samu an biya masa kuɗin asusu na wata 60 a cikin shekara 10 na ƙarshe, sannan ya daina duk wani aikin albashi. Wanda ƙarfinsa ya ƙare da wuri, likita kuma ya tabbatar da hakan, yana iya nema tun yana da shekara 55.

Sharaɗin wata 60 shi ne ya fi kayar da mutane, saboda bai dubi yawan shekarun da mutum ya yi yana bauta a ƙuruciyarsa ba, abin da ya faru tsakanin shekara 50 da 60 yake dubawa. Direban da ya shiga kamfani yana ɗan shekara 25, aka sallame shi yana da 47, ya koma saye da sayarwa a kasuwar Katako, ya cika sharaɗin rajista har ya wuce, amma idan ya kai 60 ba za a samu ko wata ɗaya da aka biya masa a shekara 10 na ƙarshe ba. Doka ta bar wa irinsa ƙofa: wanda ya taɓa yin aƙalla wata 6 a jere cikin tsarin yana iya neman ci gaba da zuba kuɗin da kansa bayan ya bar aiki. Sai dai ana son a nemi hakan da zarar an bar aikin, kuma mutumin da aka sallama, yana fama da kuɗin haya da na cefane, da wuya hankalinsa ya kai ga takardar da amfaninta sai bayan shekaru. A nan ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su fi matsa wa mambobinsu da tunatarwa.

Wanda ya kai shekara 60 bai cika sharuɗɗan ba, amma an biya masa aƙalla wata 12, ba ya fita hannu rabbana. Ana ba shi kuɗi dunƙule sau ɗaya, kwatankwacin albashin wata guda a kan kowace shekara da aka biya masa, daga nan kuma ba shi da sauran haƙƙi na wata-wata.

Kuɗin da ake tarawa daga ɓangare biyu yake fitowa. Ana cire kashi 5.25 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai aiki kuma, wato wanda ya ɗauke shi aikin, ya ƙara kashi 6.25 daga aljihunsa, a kan albashin da bai wuce jika 500 a wata ba. Abin da ya haura haka ba ya shiga lissafi. Nauyin yin rajista da kai kuɗin duka yana wuyan mai aiki. Ganin an rubuta cirewa a takardar albashi ba hujja ba ce cewa kuɗin ya isa asusu, shi ya sa ya dace ma'aikaci ya san lambar rajistarsa, ya riƙa zuwa ofishin CNSS lokaci-lokaci yana duba watannin da aka rubuta masa, ya kuma adana takardun albashinsa da na shaidar aiki. Idan ya ga gibi, ya kai ƙara wurin sufeton aiki tun kamfanin yana nan da rai, domin bin bashin kamfanin da ya rushe shekaru da suka wuce aiki ne ja.

Wajen lissafi, ana ɗaukar matsakaicin albashin mutum na shekara 3 ko 5 na ƙarshe, wanda ya fi amfanar sa. Kowace shekara da aka biya kafin 2012 tana ba shi kashi 1.33 cikin 100 na wannan albashi, kowace shekara daga 2012 zuwa yau kuma kashi 2. Mutumin da ya yi shekara 10 kafin 2012 da shekara 15 bayanta ya tara kashi 43.3, wato idan matsakaicin albashinsa jika 150 ne, fanshonsa zai kusan kai jika 65 a wata. Fansho ba ya wuce kashi 80 na matsakaicin albashi, ba ya kuma gaza kashi 60 na mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka ɗaga zuwa jika 42 a farkon 2024. Wannan lissafi yana nuna haɗarin yarjejeniyar da wasu ke yi da masu aiki, ta a bayyana wa asusu rabin albashi a ba su sauran a hannu: abin da aka ɓoye a shekarun ƙarshe shi ne zai rage fanshon har ƙarshen rai.

Idan mai fansho ya rasu, matarsa tana samun rabin abin da yake karɓa, in matan sun fi ɗaya a raba musu rabin daidai. Kowane yaro da ke ƙarƙashin kulawarsa yana da kashi 25, wanda ya rasa uwa da uba kuma kashi 40, da sharaɗin jimillar kada ta wuce fanshon marigayin. Ɗaurin aure a gaban liman da shaidu ya halatta aure a addini, amma asusu takarda yake karɓa, saboda haka magidancin da bai yi wa aurensa rajista a ofishin magajin gari ba, ko bai yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa ba, zai bar wa iyalinsa zirga-zirgar kotu a cikin kwanakin takaba kafin su karɓi ko dala.