Cocin Tewkesbury da tsohon rikicin wa zai gyara rufi

A Ingila yanzu kullum ana ta cacar baki kan wa zai ɗauki nauyin gyaran tsofaffin coci, musamman tun 2025 da aka ƙayyade cewa harajin VAT da ake mayar musu na gyara a wancan lokacin ba zai wuce fam 25,000 a shekara ba. Wasu na magana kamar jiya-jiya abin ya faro, alhali ciwo ne mai tsohon tarihi.

Dubi cocin garin Tewkesbury a gundumar Gloucestershire. An keɓe shi a 1121, ga hasumiya jibgegiya irin ta Normawa (mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi), ga ginshiƙan dutse zagayayyu da mutum biyu ba za su rungume ɗaya ba. Da gidan ruhubanawa ne, da aka rufe shi a 1540 mutanen gari suka haɗa fam 453, wato kuɗin ƙararrawoyi da darmar rufin, suka fanshe shi ya zama cocin garinsu. A 1877 kuma gardamar gyaran ginin ce ta sa marubuci kuma mai zane William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine. Wannan duk an san shi.

Abin da ake tsallakewa shi ne 1868. Kafin nan akwai harajin coci, duk mai gida ko gona a yankin sai ya biya ko yana zuwa cocin ko ba ya zuwa, da shi ake gyara rufi da tagogi da katangar makabarta. To masu bin wasu ɗariƙu suka ce sam ba adalci ba ne, wasu aka kwashe musu kayan ɗaki, wani mai ɗinkin takalmi a Chelmsford har kurkuku ya shiga a 1839 kan sule biyar da sisi. Kuma gaskiyarsu ce wallahi, ba a tilasta wa mutum biyan wurin ibadar wani. Sai dokar 1868 ta soke tilascin, amma ba a kawo komai a madadinsa ba, nauyin da duk gari ke ɗauka ya dawo kan tsirarun da ke zuwa ranar Lahadi.

Daga baya aka sa Tewkesbury a mataki na ɗaya na gine-ginen tarihi, ma'ana ko dutse guda za a canza sai da izini da ƙwararren magini, amma kuɗin dai daga farantin baikon masu ibada da akwatin gudummawar baƙi yake fitowa. A Yulin 2007 da kogin Severn da Avon suka yi ambaliya, garin ya koma kamar tsibiri, ruwa har cikin cocin ya shiga.