Me ake nufi da "sarrafa ƙwayoyin gado", kuma ina ruwansa da sankarar jini?

Ƙwayar halittar da ke cikin ido da wadda ke cikin ɓargo duk kundi ɗaya suke ɗauke da shi, wato DNA, mai ƙunshe da ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu ba da umarnin haɗa furotin. To me ya hana su zama iri ɗaya? Kowacce shafukan da suka shafi aikinta kaɗai take buɗewa, sauran ta bar su a rufe. Wannan buɗewa da rufewa, da ƙara ƙarfi ko sassautawa, shi masana ke kira sarrafa ƙwayoyin gado. François Jacob da Jacques Monod na Faransa ne suka fara fayyace tsarin a 1961, a jikin bakteriya.

Ƙwayar jini mai lafiya tana da wa'adi. In ta tsufa ko ta lalace, da kanta take kunna umarnin mutuwarta, wata ta maye gurbinta. Ƙwayar sankara wannan wa'adin ta ƙi, kuma sau da yawa ba wani sabon makami ta samo ba, makunnin kawai ta ƙwace.

A dubi BCL-2, furotin da aikinsa shi ne hana ƙwaya mutuwa kafin lokacinta. A wani nau'in sankarar fararen ƙwayoyin jini, kuromosom (ƙunshin DNA da ke cikin ƙwaya) na 14 da na 18 kan karye su yi musayar gutsure. Sai ƙwayar gadon BCL-2 ta faɗa kusa da makunnin da ke sa a ƙera sinadaran garkuwar jiki, wanda a irin waɗannan ƙwayoyi kullum a kunne yake. Ita ƙwayar gadon ba abin da ya same ta, maƙwabci kawai ta canza. Amma daga nan furotin ɗin ya yi ta kwarara, ƙwayoyin da ya kamata su mutu su yi ta taruwa. Maganin venetoclax, wanda Amurka ta amince da shi a 2016, wannan furotin yake toshewa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne nau'in sankarar jinin da likitoci ke kira APL. Nan kuromosom na 15 da na 17 ne ke haɗuwa, su haifar da furotin da ke danne ƙwayoyin gadon balaga. Ƙwayar jinin sai ta maƙale a ƙuruciya: ba ta girma, ba ta aiki, sai dai ta yi ta rabuwa har ɓargo ya cika. A shekarun 1980 likitoci a birnin Shanghai na Sin suka gwada ATRA, wani sinadari ɗan gidan bitamin A. Shi ba kashe ƙwayoyin yake yi kai tsaye ba, sakin makunnin yake, su balaga, su cika wa'adinsu, su mutu kamar kowace ƙwaya. Da aka haɗa shi da arsenik (e, gubar nan, amma bisa awo), cutar da a da ke kisa cikin makonni ta koma wadda mafi yawan masu ita ke warkewa.