Indiyya da tsantsenin abinci

Indiyya ra'ayi ne da ke cewa haƙiƙar abu tana bin abin da mutum ya ƙudurta a ransa, babu wata gaskiya tsayayya a waje. Malaman tauhidi sun lissafa ta cikin rukunai uku na Sufasɗa'iyya (masu jayayya da tabbatuwar gaskiya da iya saninta), tare da Inadiyya masu musun samuwar abubuwa baki ɗaya, da La'adriyya masu shakkar komai. Wannan rabo ya shahara ta sharhin da Taftazani ya yi wa aƙidar Nasafi (ya rasu 1142 Miladiyya), wadda ta buɗe da cewa haƙiƙanin abubuwa tabbatattu ne. Ana danganta tushen ra'ayin ga Furotagoras, masanin falsafa na Girka, a ƙarni na 5 kafin Miladiyya.

Ko mai wannan ra'ayi zai iya tsanantawa a abin da yake ci ba tare da ya ci karo da kansa ba? Misalin irin wannan tsanantawa na kusa yana cikin kantunan Makka da Jidda, inda wasu Hausawa mazauna ƙasar ke ƙin daskararriyar kazar Barazil duk da tambarin halal da ke jikin ledarta, suna neman ta gonakin cikin gida, suna kuma duba ko akwai jelatin (sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi) a alawa.

Idan mai ra'ayin Indiyya ya tsayar da hanin ga kansa, babu tufka da warwara. Yana iya cewa ransa ne bai kwanta ba, ya bari. Matsalar tana ɓullowa ne da zarar an tambaye shi dalili, domin duk dalilan da zai kawo aukuwa ne a mayanka: wa ya riƙe wuƙar, an ambaci sunan Allah ko ba a ambata ba, an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu kamar yadda Malikiyya suka sharɗanta, kazar tana da rai lokacin yankan ko lantarki ya riga ya kashe ta. Waɗannan ko dai sun faru ko ba su faru ba. Mai bincikensu ya riga ya yarda da gaskiyar da ba ta jiran zatonsa. Haka kuma ba shi da bakin ce wa maƙwabcinsa ya ci haram, tunda a ƙa'idarsa zaton maƙwabcin ma gaskiya ne.

Jiki ma ba ya bin ƙuduri. Mai ciwon sukari da ya cika faranti da dabino lokacin buɗa-baki, awon jininsa zai hau, komai kyawun zatonsa.

Fiƙihu ya bambanta aukuwar abu da hukuncin wanda bai sani ba. A hadisin Nana A'isha da Bukhari ya ruwaito, an tambayi Annabi (SAW) kan naman da ba a san ko an yi masa bisimilla ba, ya ce su ambaci sunan Allah su ci. An ɗauke wa mai ci nauyin binciken abin da ya ɓoyu gare shi, amma yadda aka yi yankan yana nan yadda yake.