Lasifikar kwamfuta: matsalolinta da gyaranta

Lasifikar kwamfuta na'ura ce da ke mayar da siginar lantarki zuwa sauti. Yawancin na kan tebur suna da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ciki, don haka suna shan wuta daga soket ko ta USB.

Tarihi

Tsarin da ake bi har yau, wato naɗin wayar tagulla da ke motsi a tsakiyar maganaɗisu yana girgiza takarda mai siffar mazurari, Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka ne suka bayyana shi a 1925. Kwamfutar IBM PC ta 1981 ta zo da 'yar lasifika a cikinta, wadda aikinta bai wuce ƙarar gargaɗi da 'yan sautuka masu sauƙi ba. Sai da katin sauti (ɓangaren da ake ƙara wa kwamfuta don ta fitar da sauti) na AdLib ya fito a 1987, Sound Blaster na kamfanin Creative ya biyo baya a 1989, sannan aka fara neman lasifika ta waje sosai. Kamfanin Altec Lansing na iƙirarin shi ya buɗe wannan kasuwa a wajen 1990. A ƙarshen shekarun 1990 ƙa'idar ƙera kwamfuta ta PC 99 ta ware wa ramukan sauti launi: kore na lasifika, ruwan hoda na makirufo.

Gano matsala

Mai gyara yakan fara jona lasifikar da wayar salula ko rediyo. In ta yi magana, laifin na kwamfuta ne: an kashe murya, ko sautin ya koma allo ta wayar HDMI mai ɗaukar hoto da sauti, ko manhajar katin sauti ta lalace, ko kuma filogin yana ramin makirufo.

In laifin nata ne, irin ƙarar kan nuna inda yake. Gefe ɗaya ya yi shiru, galibi waya ce ta tsinke daga ciki kusa da filogi, inda take yawan lanƙwasa. Ƙaraf-ƙaraf yayin murɗa maɓallin murya ƙura ce, abin da ke ƙaruwa da hunturu. Gurnani mai kauri marar yankewa daga wutar gida yake, mai bugu 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar, kuma yakan shigo ne idan kafasito (ɗan abin da ke tace wuta) ya kumbura ko wayar ƙasa, wato "earth", ba ta zauna daidai ba. Ƙarar da ake ji dab da shigowar kira a wayar salula ba lalacewa ba ce. Siginar GSM ce, nisanta salular ya wadatar.

Ita kanta lasifikar da ke cikin akwatin, mai naɗin waya da maganaɗisu, ana gwada ta da batir mai bolt 1.5. In an taɓa wayoyinta da batirin ta yi "ƙas", naɗin bai ƙone ba. Mitar gwajin lantarki kuma kan nuna ƙasa kaɗan da om (ma'aunin turjiyar wuta) 4 ko 8 da aka rubuta a bayanta.

Gyara

Masu gyaran rediyo da talabijin ne suka fi yin wannan aiki: sauya filogi, liƙa waya da dalma, canza kafasito, bayan an zare ta daga wuta. Lasifikoki masu araha da aka manne da gam sau da yawa kuɗin gyaransu ya kusa na sabuwa. Ta cikin laftof kuwa canza ta ake yi.