Waiwaye: yadda zanen Aborijin ya shiga harkar duba lafiya a Ostareliya

Duk wanda ya saba ganin hotunan asibitocin al'ummar Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar Ostareliya, zai lura da wani abu, bango zane, fasta zane, rigar ma'aikata zane, har motar asibitin ma an lulluɓe ta da ɗige-ɗigen nan masu launin ƙasa da ja da rawaya, kuma sau da yawa a gefe za ka ga an rubuta lamba 715. To wannan lambar ba ta waya ba ce, lambar wani aiki ce a tsarin inshorar lafiyar gwamnati, wato Medicare, wanda ya ba duk ɗan Aborijin ko ɗan tsibiran Torres Strait damar zuwa a duba lafiyarsa duk shekara ko da kuwa babu abin da ke damunsa, a auna hawan jini, suga, ƙoda, ido, kunne, a tambaye shi batun taba da abinci da damuwa. A asibitocinsu kyauta ne.

Abin bai zo lokaci ɗaya ba. A 1999 aka fara da dattawa masu shekara 55 zuwa sama, 2004 aka ƙara da masu 15 zuwa 54, 2006 yara suka shigo, sai a 2010 aka haɗe su duka a lamba ɗaya. Amma ka san kyauta daban, zuwa daban. Shekaru da yawa waɗanda ke zuwa a shekara ba sa kai ɗaya cikin uku.

Kuma ba lalaci ne ya hana su ba fa. Mutanen nan suna da tarihi da asibiti mara daɗi ko kaɗan. Tsakanin 1908 da 1919 a Yammacin Ostareliya an riƙa kama mutane ana cewa suna da ciwon sanyi, a kai su tsibiran Bernier da Dorre a killace, wasu a can aka binne su. Sannan ga kwashe yara da hukuma ta yi ta yi daga hannun iyayensu har zuwa wajen 1970, wasu ma daga gadon haihuwa aka ɗauke su, abin da sai a 13 ga Fabrairun 2008 Firaminista Kevin Rudd ya tashi a majalisa ya nemi afuwa a kai. Wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, to ta yaya za ka ce wa kakar da aka ƙwace wa ɗa ta kawo jikanta lafiyarsa ƙalau a duba, a rubuta sunansa a fayil?

Shekarar 1971 ce ta haɗa abubuwan, ni dai abin na ba ni mamaki. A shekarar ne a unguwar Redfern ta birnin Sidni aka buɗe asibiti na farko da Aborijin ke riƙe da shi da kansu, da hannun mutane irin su Mum Shirl da Gordon Briscoe da likitan ido Fred Hollows, yanzu irinsa sun haura 140 a ƙarƙashin uwar ƙungiyarsu ta ƙasa, NACCHO. A shekarar ne Harold Thomas ya zana tutar Aborijin. Kuma a shekarar dai a Papunya, wani ƙauye can cikin hamada, wani malamin makaranta Geoffrey Bardon ya ƙarfafa dattawa su zuba zanen da suke yi a ƙasa da jiki a kan bango da katako, shekara ɗaya bayan nan suka kafa kamfaninsu Papunya Tula, daga nan zanen ɗige-ɗige ya zaga duniya.

A 1987 lokacin da ƙanjamau ya tayar da hankalin kowa, tallan gwamnati na tsoratarwa bai shiga kunnen matasansu ba, sai Gracelyn Smallwood da wasu ma'aikatan lafiya 'yan Aborijin a Townsville suka ƙirƙiro wani gwarzon katun mai suna Condoman, sanye da launin tutarsu, yana cewa a daina jin kunyar kwaroron roba. Fastar ta karɓu sosai, nan hukumomi suka fara gane cewa saƙo in ya zo da fuskar gida ya fi shiga.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na mutanen Pintupi, wata ƙabilar Aborijin da ke cikin hamada. Ciwon ƙoda ya yi musu katutu, duk wanda ya kai matakin wankin ƙoda sai ya bar ƙauyensa ya koma Alice Springs, tafiyar ɗaruruwan kilomita, ya zauna can bare har mutuwa, ga shi su dattawan ne ke riƙe da waƙoƙi da labaran ƙasa, in sun tafi an yi asara biyu. A 2000 masu zane na ƙauyukansu Kintore da Kiwirrkurra, maza da mata, suka haɗu suka yi manyan zanuka, aka yi gwanjonsu tare da wasu a gidan adana zane na jihar New South Wales, aka tara sama da dalar Ostareliya miliyan 1. Da kuɗin aka kafa ƙungiyar kula da masu ciwon ƙoda da yanzu ake kira Purple House, a 2004 injin wankin ƙoda ya fara aiki a Kintore. Ka ga nan zanen ba ado ya yi wa asibiti ba, shi ya gina shi.

Batun 715 kuwa wanda ya fi shahara shi ne shirin Deadly Choices da cibiyar lafiyar Aborijin mazauna birni, IUIH, ta Birisben ta fara a 2010. Kada sunan ya ruɗe ka, a bakinsu kalmar farkon nan ba kisa take nufi ba, nufinta abu ya haɗu, ya yi zam-zam. Dabarar mai sauƙi ce, je ka a duba ka, a ba ka riga mai zanen Aborijin, daga baya aka haɗa da kulob-kulob na zari-ruga irin Brisbane Broncos, kuma rigar ba a sayar da ita, sai wanda ya yi 715. Yaro ya ga abokinsa da ita sai ya dami uwarsa, uwa ta kai shi ita ma a duba ta. Daga nan ya zama kusan al'ada, asibiti ko hukumar lafiyar yanki ta nemi mai zane na wurin ta ba shi kwangila, ya zana da'irori da ke nufin wurin taruwa, da alamar nan mai kama da kofaton doki da ke nufin mutum a zaune, da layukan tafiya tsakani, a buga a riga da fasta da kati.

Sai dai kalmar kwangila ɗin nan ita ma da gumi aka samo ta. A 1966 an sa zanen David Malangi a takardar dala 1 ba a ko tambaye shi ba, sai daga baya aka ba shi dala 1,000 da lambar yabo da kayan kamun kifi. A 2019 kotu ta ci wani kamfani Birubi tarar dala miliyan 2.3 saboda sayar da kayan da aka yi a Indonesiya a matsayin aikin hannun Aborijin. Tutar ma kanta sai da aka yi rikici, wani kamfanin tufafi da ba na Aborijin ba mai riƙe da lasisi ya riƙa aika wa masu buga ta a riga takardar gargaɗi, har gwamnati ta sayi haƙƙin mallakar a Janairun 2022 kan wajen dala miliyan 20. Shi ya sa yanzu ake sa sunan mai zane da ƙabilarsa a ƙasan fasta, ana rubuta iyakar inda za a yi amfani da zanen. Kuma ba kowane zane ne na kowa ba, ɗige-ɗige na hamada ne, mutanen Arnhem Land da ke arewacin ƙasar layuka masu giciye suke yi, in ka kwaso na wani yanki ka liƙa a wani, masu wurin sun san ba nasu ba ne.

Ni a ganina riga tana kawo mutum bakin ƙofa ne kawai, in aka gano suga ko ƙoda sannan babu mai bibiya, ko ya shiga ya tarar da irin kallon da aka yi wa kakansa, ba zai dawo baɗi ba komai kyan rigar. Alƙaluman 2020 zuwa 2022 sun nuna namijin Aborijin na sa ran shekara 71.9, mace 75.6, har yanzu akwai tazarar sama da shekara 8 tsakaninsu da sauran 'yan ƙasa, gwamnati kuma ta yi alƙawarin rufe ta kafin 2031.