Shin hoto ya isa a gane naman kazan daji?

Idan damina ta zauna a Yamai, musamman a watannin Yuli da Agusta, naman kaza yakan fito a garaken bakin kogi, da ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, da kan suri. Wasu kan ɗauki hotonsa da salula su tura ta WhatsApp suna tambayar ko ana ci.

Ana iya sanin nau'in naman kaza daga hoto kaɗai?

Hoto yana iya nuna dangin da ya fito, wani lokaci ma yana isa a ce wannan kam ba na ci ba ne, amma bai kai ya zama hujjar sanya abu a tukunya ba. Kamannin nau'i ɗaya suna sauyawa daga fitowarsa zuwa tsufansa, rana tana koɗar da launinsa, ruwan sama yana wanke ɗigon da ke bisa hularsa. Wasu alamomin kuma ba sa shiga hoto sam, kamar wari, da yadda launin namansa ke juyawa bayan an yanka shi, da siffar ƙwayoyin irinsa da sai an duba da na'urar ganin ƙananan halittu.

Wane irin hoto ne yake da amfani ga masani?

Wanda aka fi turawa, wato hoton saman hula daga tsaye, shi ne mafi ƙarancin amfani. Ana bukatar a ga ƙarƙashin hular, ko siraran layuka ne ko ƙananan ramuka, a ga karan ko yana da zobe, sannan a ga gindin gaba ɗaya. Saboda haka a tone shi da wuƙa, kada a fizge shi, domin dangin Amanita, inda mafi munin masu kisa suke, suna da wata ƴar jaka a gindi da takan saura cikin ƙasa. A ɗauka da hasken rana, a ajiye kwalin ashana a gefe don a san girmansa, a kuma faɗi a kan me ya tsiro.

Me ya sa ake nanata launin ƙurar irinsa?

Domin shi ke raba wasu masu kama da juna. Ana cire hular a kifa ta a kan takarda, rabi fara rabi baƙa, a rufe da kofi har safiya, sai a tarar ƙurar ta zuba ta zana layukan. Akwai wani mai suna Chlorophyllum molybdites, fari ne babba mai zobe, yana son ciyawar da ake yi wa ban ruwa a ƙasashe masu zafi. A hoto kyakkyawa ne, amma ƙurarsa kore ce, kuma yana jawo amai da gudawa mai tsanani cikin awa 1 zuwa 3. Dangin Termitomyces kuwa, da ake ci a ƙasashen Afirka da yawa, gara ce take noma su a cikin gidanta, shi ya sa galibinsu ke da doguwar saiwa da ta nutse cikin surin, ƙurarsu kuma tana tsakanin fari da ruwan hoda. Hoton da aka yanke wa gindi ya ɓoye wannan saiwar.

To, manhajojin salula masu gane tsirrai fa?

A wani nazari da aka wallafa a 2023, masu bincike a Ostireliya sun gwada manhajoji 3, ciki har da iNaturalist, da hotunan naman kazan da masana suka tabbatar da sunayensu. Wadda ta fi ƙoƙari ta dace da kashi 49 cikin 100 kawai. A ganina matsalar ta fi haka girma a wajenmu, domin akasarin hotunan da irin waɗannan manhajoji suka koya da su daga Turai da Amurka ne, don haka suna iya laƙaba wa na Sahel sunan wani na can.

Gaskiya ne wanda ƙwari ko dabbobi suka ci ba shi da guba?

Ba gaskiya ba ne, haka ma zancen cewa mai guba yana da ɗaci ko yana baƙanta azurfa. Gubar Amanita phalloides, wanda ya fi kowane naman kaza kashe mutane a duniya, dafuwa ko shanya ba sa karya ta.

Idan wani ya riga ya ci, me ya kamata a yi?

A kai shi asibiti nan take, ba tare da jiran amsar waɗanda aka tura wa hoto ba. Gubar da ke lalata hanta takan ɗauki awa 6 zuwa 24 kafin amai ya fara, sannan mutum ya ji kamar ya samu sauƙi alhali hantarsa tana lalacewa, don haka jinkirin alamu abin tsoro ne. A gaya wa likita lokacin da aka ci, da yawan waɗanda suka ci, ko da wasunsu ba su ji komai ba tukuna. A tafi da hotunan da ragowar naman kazan, ɗanye ko dafaffe, ɗanyen a naɗe cikin takarda, domin a leda yakan ruɓe da wuri.