Iyali da Ƙungiyoyin Matasa a Tsarin 'Yan Mason na Amurka

Ƙungiyar Firimason, wadda littattafan Larabci ke kira Masoniyya, ƙungiyar 'yan'uwantaka ce ta maza zalla da ta ɗauki siffarta ta yanzu a birnin Landan a shekarar 1717, lokacin da zaurukanta 4, wato rassanta, suka haɗu suka kafa babban zaure guda. Duk da cewa a tsarin manyan zaurukan Ingila da Amurka mace ba ta zama mamba, kuma yaro ba ya halartar zaman sirri, rayuwar zaure a Amurka ta daɗe tana dogara da matan aure da 'ya'yan mambobi. Daga wannan dogaro ne aka sami jerin ƙungiyoyi na mata da na matasa, waɗanda suka fi shahara cikinsu su ne Eastern Star da DeMolay da Job's Daughters da Rainbow.

Uba da ɗa

Ba a gadon zama Mason. Ɗan mamba, kamar kowa, sai ya nemi shiga da kansa bayan ya kai shekarun da dokar zauren jiharsu ta gindaya, wato 21 a tsohuwar al'ada, ko 18 a jihohi da dama yanzu. Daga nan a bincike halinsa, sannan a kaɗa masa ƙuri'ar asiri da ƙananan ƙwallaye farare da baƙaƙe. Al'adar ƙungiyar ta hana mamba ya roƙi wani ya shiga, don haka akwai magidantan da suka shafe shekaru suna jiran ɗansu ya buɗe baki ya tambaya, ɗan kuma yana jiran a gayyace shi. Idan ɗan ya shiga, sau da yawa akan bar wa mahaifinsa jagorancin bikin ba shi mataki na uku, wato matakin da ke mayar da shi cikakken mamba, kuma mambobi suna ɗaukar wannan a matsayin babbar karramawa.

Alhakin kula da matar mamba da marayunsa bayan rasuwarsa yana cikin alkawuran da kowane Mason ke ɗauka. A Ingila an kafa makarantar 'ya'ya mata na mambobin da suka rasu ko suka talauce a 1788, a Amurka kuwa 'yan Mason na jihar Kentucky sun kafa gidan zawarawa da marayu a birnin Louisville a 1867.

Wurin mata

Wani malamin makaranta mai suna Rob Morris ne ya tsara ƙungiyar Eastern Star a wajejen 1850, domin matan mambobi da 'ya'yansu mata da iyayensu mata da 'yan'uwansu mata su sami tasu kafar. An kafa babbar majalisarta a 1876. Darussanta sun ginu a kan mata 5 daga Littafi Mai Tsarki na Kirista, kowacce tana wakiltar matsayi guda a cikin iyali: 'ya, bazawara, matar aure, 'yar'uwa da uwa. Maza 'yan Mason ma suna shiga, amma mace ce ke shugabantar reshe. A ƙananan garuruwa, waɗannan mata ne ke dafa abincin taro da tara kuɗin gyaran gini, kuma su ne daga baya suka riƙe yawancin aikin ƙungiyoyin 'yan mata.

DeMolay

Ƙungiyoyin matasa 3, wato DeMolay da Job's Daughters da Rainbow, duk sun bayyana cikin shekaru 4 bayan Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da zaurukan Amurka ke cika da sababbin mambobi. Ta farko ita ce DeMolay, wadda asalinta ya faro daga maraici. A 1919 Frank S. Land, ma'aikacin sashen taimakon jama'a na 'yan Mason a Kansas City da ke jihar Missouri, ya ɗauki wani saurayi mai suna Louis Lower aiki bayan rasuwar mahaifinsa. Da ya lura yaron na bukatar shawarar babba da kuma abokan kirki, sai ya ce ya zo da abokansa. Samari 9 suka hallara, suka zaɓi sunan Jacques de Molay, shugaban ƙarshe na Templar, wata tsohuwar ƙungiyar mayaƙan Kirista, wanda aka ƙona a birnin Paris a 1314. Samarin suka riƙa kiran Land "Baba", kuma har yau haka ake kiran duk namijin da ke kula da reshe, ko da bai haifi kowa a cikinsu ba. Matan da ke wannan aiki ana kiransu "Mama".

Ana karɓar samari daga shekara 12 zuwa 21. Ba a sharɗanta cewa mahaifin yaro Mason ne ba. Abin da ake bukata shi ne ya yarda da samuwar Ubangiji, ko wane addini yake bi. Amma kowane reshe sai ya sami wani zaure ko wata ƙungiyar Mason da ta tsaya masa. Samarin ne ke zaɓen shugabansu daga cikinsu, su tsara kasafin kuɗi, su gudanar da taro, manya kuma suna zaune a gefe suna sa ido. A tsakiyar ɗakin taro akwai teburi mai ɗauke da littafin addini da littattafan makaranta, kewaye da kyandirori 7 da ke nuni da ɗabi'u 7: ƙaunar iyaye, girmama abubuwa masu tsarki, ladabi, zumunci, riƙon amana, tsabta da kishin ƙasa. Ƙaunar iyaye ce ta farko a jerin, kuma idan ƙarfe 9 na dare ta riski taro, akan dakata a yi wa uwa da uba addu'a.

Bikin da ya fi jan hankalin iyalai shi ne jawabin furanni, wanda ake yi a bainar jama'a bayan shigar da sababbin mambobi. Akan baza furanni ja da farare a kan teburin, wani saurayi ya tashi ya yi jawabi da ka a kan wahalar da uwa ke sha tun daga ciki har goyo. Daga nan kowane sabon mamba ya matso ya ɗauki fure ɗaya: ja idan mahaifiyarsa tana raye, fari idan ta rasu. Mai ja yakan kai wa mahaifiyarsa, sau da yawa tana nan zaune a ɗakin.

Shiga DeMolay ba ya mayar da mutum Mason. Walt Disney, mai shirya finafinan zane, da tsohon shugaban ƙasa Bill Clinton duk sun yi ƙungiyar a ƙuruciya, amma Clinton bai taɓa shiga zaure ba. A wajen Amurka, ƙungiyar ta fi ƙarfi a Brazil da Filifin.

Ƙungiyoyin 'yan mata

Ethel T. Wead Mick ta kafa Job's Daughters a Omaha da ke jihar Nebraska a 1920, ta ɗauko sunan daga ƙarshen labarin Ayuba a Littafi Mai Tsarki, inda aka ambaci kyawun 'ya'yansa mata da kuma yadda ya ba su gado tare da 'yan'uwansu maza. Ita ce kaɗai cikin ukun da ta daɗe tana sharɗanta dangantakar jini ko ta aure da wani Mason, har yarinya kan binciko kaka ko kawu da ya taɓa zama mamba kafin a karɓe ta. Tana ɗaukar 'yan shekara 10 zuwa 20. Masu riƙe da muƙami suna sa fararen riguna masu tsawo, shugabar kuma tana ɗaukar laƙabin sarauniya, da kambi da alkyabba mai ruwan shunayya, na tsawon wata 6. Aikin taimakonsu da aka fi sani shi ne samar wa yara masu matsalar ji na'urar kunne.

Rainbow ta biyo baya a 1922 a garin McAlester na jihar Oklahoma, a hannun wani limamin Kirista kuma Mason mai suna W. Mark Sexson. Darussanta 7 suna bin launukan bakan gizo, daga ƙauna zuwa hidima ga jama'a, kuma tun farko ta buɗe ƙofa ga ƙawayen 'ya'yan mambobi.

Baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda zaurukan Turawa suka daɗe suna ƙin karɓa, sun gina nasu tsarin a ƙarƙashin zaurukan Prince Hall, masu ɗauke da sunan wanda ya kafa su, da suka sami takardar izini daga Ingila a 1784. Suna da nasu rassan Eastern Star tun 1874, da ƙungiyar samari mai suna Knights of Pythagoras.

Raguwar mambobi da matsayin addinai

Yawan 'yan Mason a Amurka ya kai ƙololuwa a 1959, inda ya haura miliyan 4, amma yanzu bai kai miliyan 1 ba. Tunda ta hanyar uba ko kaka yawancin yara ke sanin waɗannan ƙungiyoyi, raguwar manya ta taɓa su kai tsaye, rassa da yawa suka rufe ko suka haɗe. Job's Daughters ta sassauta sharaɗin dangantaka, ta amince da yarinyar da ta sami Mason da zai tsaya mata. DeMolay da Rainbow sun buɗe ƙananan rukunoni domin yaran da ba su kai shekarun shiga ba. Haka kuma, bayan badaƙalolin cin zarafin yara da suka girgiza wasu ƙungiyoyin matasa a ƙasar, an tsananta binciken tarihin manyan da ke kula da rassa, kuma ana ƙarfafa iyaye su riƙa halartar taruka.

Ba kowane gida ne ke amincewa da su ba. Cocin Katolika ta haramta wa mabiyanta shiga Mason tun 1738, ta kuma jaddada hakan a 1983 da 2023, wasu cocin Furotesta ma suna da irin wannan matsayi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta yanke hukuncin haramcinta a 1978. Masu suka suna kallon ƙungiyoyin matasan a matsayin ƙofar shiga zaure, su kuwa shugabanninsu suna amsawa da cewa babu yaron da ake karɓa sai da yardar iyayensa, kuma ba a ɗora masa sharaɗin zama Mason idan ya girma.